Maganin da Ya Fito Daga Bakin Maciji

Duk wanda ya taɓa zuwa babban asibitin Kazaure ko na Babura da hantsi, ya ga jama'a zaune a jere kan benci, kowa da katinsa a hannu. Waɗansu daga cikin gari su ke, waɗansu kuwa sammako suka yi daga ƙauyuka, har daga ƙasar Roni da Gwiwa. In an kira mutum ya shiga, sai a ɗaura masa wani ƙyalle a damtse, a hura shi ya kumbura, a rubuta lamba biyu, ɗaya bisa ɗaya. In lambobin sun yi sama, a ce masa yana da hawan jini, a rubuta masa takarda ya tafi ya karɓo magani.

To, in mai karatu ya duba kwalin maganin nan da kyau, sau da yawa zai tarar sunan ya ƙare da haruffa huɗu, watau p, r, i, l. Akwai captopril, akwai enalapril, akwai lisinopril, akwai ramipril, akwai kuma perindopril. Dukansu 'yan gida ɗaya ne, likitoci na kiransu magunguna masu tare ACE. Tarihin gidan nan za mu bayar: inda suka fito, da mutanen da suka sha wahalar nemo su, da amfaninsu, da kuma inda su ke cutarwa. Ya kamata kowa ya san wannan, domin ƙwayar da ke ceton ran maijego ita ce kuma ke iya halaka ɗan da ke cikin ciki. Abin mamaki kuwa, asalinta daga dafin maciji ne.

YADDA AKA FARA AUNA ƘARFIN JINI

Zuciya kamar injin ban-ruwa ta ke, irin wanda masu lambu ke kafawa a bakin madatsar ruwan Kazaure da rani. Jijiyoyin jini su ne tiyo. In tiyo na da faɗi, ruwa ya wuce salin alin. In yaro ya matse bakinsa da yatsa, ruwan ya yi ƙarfi, inji ya shiga gurnani. In aka daɗe a haka, ɗayan biyu ne: ko tiyo ya fashe, ko inji ya gaji. Haka hawan jini ya ke. In jijiya ta fashe ko ta toshe cikin ƙwaƙwalwa, shi ne shanyewar ɓarin jiki. In zuciya ta gaji, sai mutum ya kumbura, ya riƙa haki, ba ya iya barci sai a jingine. Ƙoda da idanu su ma suna samun nasu rabon ɓarnar.

Wanda ya fara auna ƙarfin jini wani malamin coci ne a Ingila, sunansa Stephen Hales. Ya sa aka kwantar da goɗiya, ya huda jijiyarta, ya haɗa ta da dogon bututun gilashi a tsaye, sai jini ya hau fiye da ƙafa 8. Ya buga labarin cikin 1733. Amma wa zai yarda a yi masa haka? Sai cikin 1896 wani likitan Italiya, Riva-Rocci, ya ƙago ƙyallen nan da a ke ɗaurawa a damtse. Cikin 1905 kuma wani likitan soja na Rasha, Korotkoff, ya gane in aka saurari jijiya sa'ad da a ke sassauta ƙyallen, za a sami lamba biyu. Ta sama ita ce ƙarfin jini sa'ad da zuciya ta matse, ta ƙasa kuwa sa'ad da ta saki. In awon babban mutum ya riƙa kai 140 bisa 90 ko fiye, a ranaku daban daban, an ce yana da hawan jini.

Aka sami ma'auni, amma ba magani. Shugaban Amurka, Franklin Roosevelt, duk da mulkinsa da likitocinsa, hawan jini ne ya kashe shi ran 12 ga Afrilu, 1945, yana da shekara 63. Awonsa na ranar ya kai 300 bisa 190. A zamanin nan har akwai likitoci masu cewa kada a taɓa hawan jini, wai jiki ne ke bukatarsa. Sai cikin 1958 aka fara sayar da ƙwayar sa fitsari mai saukar da jini. Cikin 1967 wani likita, Edward Freis, ya ba da sakamakon gwajin da ya yi da tsofaffin sojoji 143 masu mummunan hawan jini. Cikin 70 da ba a ba magani ba, 27 suka gamu da babbar matsala. Cikin 73 da aka ba, 2 kaɗai. Daga nan gardama ta fara mutuwa.

CIWON DA AKA CE BABU SHI A AFIRKA

A ƙasashenmu kuwa an daɗe ba a kula da ciwon ba. Cikin 1929 wani likita Bature, Donnison, ya auna mutum 1,000 a Kenya, ya rubuta cewa bai tarar da hawan jini a cikinsu ba. Maganarsa ta bazu, har aka ɗauka ciwon Turawa ne kaɗai. A zamanin En'e, sa'ad da Kazaure da Roni da Gwiwa da Babura duk suna cikin Lardin Kano, hankalin ma'aikatan lafiya na kan cututtuka masu yaɗuwa, irin su agana da sanƙarau da kuturta. Disfensa na ba da maganin zazzaɓi, ya wanke gyambo, babban ciwo kuwa sai a nufi asibitin birnin Kano, wanda yanzu a ke kira Asibitin Murtala. Dattijon da ya faɗi a gona bakinsa ya karkace, sai a ce iska ce ta buge shi. Ba wanda ya taɓa auna shi, balle a san abin da ya daɗe yana cinsa.

Likitocin ƙasar nan ne suka warware wannan kuskure. Shahararre cikinsu shi ne Farfesa Akinkugbe na Ibadan, wanda ya buga littafi sukutum cikin 1972 a kan hawan jini a jikin mutanen Afirka. Cikin 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce masu hawan jini sun ninka, daga miliyan 650 cikin 1990 zuwa biliyan 1.3 cikin 2019, kusan rabinsu kuwa ba su san suna da shi ba. A Nijeriya wajen mutum 1 cikin manya 3 na da shi. Dalilan ba ɓoyayyu ba ne: yawan gishiri da dunƙulen miya, da ƙiba, da ƙarancin motsa jiki, da gado, da tsufa. Muninsa shi ne ba ya sallama. Mutum na iya shekara goma da shi, yana noma yana cin kasuwa, bai ji kome ba.

SIRRIN DA KE CIKIN ƘODA

Me ke matse jijiyoyin? Amsar ta fara fitowa daga Suwidin cikin 1898. Wani malami, Tigerstedt, da almajirinsa Bergman, suka tatso ruwan ƙodar zomo suka yi wa wani zomo allura da shi, sai jininsa ya hau. Suka sa wa abin da ke cikin ruwan suna renin. Mutane ba su kula ba, aka yi shekara 36 abin na kwance. Cikin 1934 wani likitan Amurka, Goldblatt, ya matse jijiyar da ke kai jini ga ƙodar kare, sai karen ya kamu da hawan jini mai ɗorewa. Nan aka tuna da renin. Wajen 1940 ƙungiya biyu, ɗaya a Ajantina ƙarƙashin Braun-Menéndez, ɗaya a Amurka ƙarƙashin Irvine Page, suka gano ba renin da kansa ke matse jijiya ba, wani sinadari ne da ya ke haifarwa cikin jini. Ko wace ƙungiya ta sa masa nata sunan. Cikin 1958 suka yi sulhu, suka ɗauki rabin wannan suna da rabin wancan, suka ce anjiyotensin.

Ga yadda abin ya ke, in mun kwatanta shi da maƙera. Hanta na zuba wani sinadari cikin jini kullum, kamar sandar ƙarfe da ba a ƙera ba. In ƙoda ta ji jinin da ke zuwa mata ya ragu, sai ta saki renin. Shi ne maƙerin da ke sare ƙarfen ya fid da siffar wuƙa, amma dakusassa, ba ta yanka kome. Jini ya ɗauke ta ya kai ta huhu. A can akwai mai wasawa, shi ne a ke kira da haruffa uku, ACE. Skeggs ne ya gano shi cikin jinin doki a 1956. Da ya wasa ta sai ta zama anjiyotensin na biyu, mai kaifi. Aikinsa biyu ne: ya matse jijiyoyi, ya kuma sa ƙoda ta riƙe gishiri da ruwa.

Wannan tsari asalinsa rahama ne. Matafiyin da ƙishirwa ta kama a daji, ko wanda ya yi rauni jini na zuba, shi ke riƙe masa rai. Ɓarna na zuwa ne sa'ad da maƙerar ta ƙi rufewa, ta yi ta aiki dare da rana ba bukata. Masana suka ce, da za a sami abin da zai riƙe hannun mai wasawan nan, da jijiyoyi sun huta. Amma ina za a same shi?

MACIJIN BIRAZIL

A ƙasar Birazil, can Amurka ta Kudu, akwai wani maciji da a ke kira jararaka. Dangin kububuwa ne da kasa, waɗanda manomanmu suka sani sarai. Yana yawan saran ma'aikatan gona, cikin abubuwan da dafinsa ke yi kuwa har da saukar da jini farat ɗaya, mutum ya yanke jiki ya faɗi. Wani malami a birnin São Paulo, Rocha e Silva, ya zuba dafin cikin jinin kare, ya tarar ya haifar da wani sinadari mai buɗe jijiyoyi. Ya sa masa suna bradikinin, ya buga labarin cikin 1949.

Almajirinsa, Sérgio Ferreira, ya ɗora daga nan. Cikin 1965 ya nuna akwai wani abu kuma cikin dafin, wanda ke hana jiki rushe bradikinin, har ƙarfinsa ya ninka. Sai ya ɗauki garin dafin ya tafi Landan, wurin wani babban malami, John Vane. A ɗakin binciken Vane aka tabbatar cikin 1967 cewa huhu ne babban wurin wasa wuƙar nan. Cikin 1968 kuma abokin aikinsa Bakhle ya gwada dafin Ferreira a kan ACE, sai ga shi ya tsai da shi cak. Daga baya aka gane ashe ma'aikaci ɗaya ke ayyukan biyu: wanda ke wasa mai matse jijiya shi ne kuma ke rushe mai buɗe ta. Mai karatu ya riƙe wannan, domin za mu komo kansa in mun zo maganar tari.

DAGA DAFI ZUWA ƘWAYA

Vane na ba wani kamfanin magani na Amurka shawara, sunansa Squibb. Ya yi ta lallashinsu su duba maganar dafin nan. Aka ba mutum biyu aikin, David Cushman da Miguel Ondetti, shi Ondetti mutumin Ajantina ne. Suka ware sinadarin daga dafin, suka koyi haɗa shi da kansu ba sai an tatsi maciji ba. Aka gwada shi a jikin masu hawan jini, ya yi aiki. Amma yana da aibi biyu: ga tsada, ga shi ba a shansa, domin ciki na narkar da shi kamar nama, sai dai allura. Wa zai jure allura kullum har ƙarshen ransa?

Suka gwada haɗe-haɗe wajen 2,000 da kamfanin ya tara, ba su dace ba, har aka jingine aikin. Cikin 1974 suka karanta binciken waɗansu malamai a kan wani ma'aikaci mai kama da ACE, sai dabara ta faɗo musu. Maimakon lalube cikin duhu, suka zauna suka ƙiyasta siffar kafar da ke jikin ACE, suka shiga ƙera abin da zai shige ta daidai ya toshe, kamar yadda a ke yanka mabuɗi a kan kwaɗo. Bayan haɗi wajen 60, cikin 1975, suka sami captopril. Hukumar magunguna ta Amurka ta yarda da shi cikin 1981. Tun daga zomon Suwidin zuwa ranar, shekara 83 ke nan.

Da fari an riƙa ba da shi da yawa ƙwarai, sai ya kawo ƙuraje, da gushewar ɗanɗano, da raguwar fararen ƙwayoyin jini. Da aka rage yawansa, waɗannan suka ragu, amfaninsa kuwa bai tafi ba. Sa'an nan kamfanin Merck ya fito da enalapril cikin 1985, lisinopril ya biyo cikin 1987. Captopril sau biyu ko uku a ke shansa a yini, lisinopril kuwa sau ɗaya. Mai karatu ya lura: babu ɗigon dafi ko ɗaya cikin ƙwayoyin nan. Maciji ya nuna hanya ne kurum.

ABIN DA GWAJI YA NUNA

An nemi maganin hawan jini, sai aka tarar da abin da ya fi haka. Cikin 1987 likitocin Nowe da Suwidin da Finlan suka ba da sakamakon gwaji a kan mutum 253 waɗanda zuciyarsu ta gaji matuƙa. Aka raba su biyu, aka ƙara wa rabi enalapril bisa maganin da su ke sha. Bayan wata 6, cikin ko wane 100 na waɗanda ba a ƙara wa ba, 44 sun rasu. Cikin waɗanda aka ƙara wa, 26. Bambancin ya yi yawa har aka tsai da gwajin kafin lokacinsa, domin ba daidai ba ne a ci gaba da hana rabin mutane abin da ke ceton rai. Dalili kuwa, jakin da ya gaji ba bulala ya ke bukata ba, a rage masa kaya. Maganin nan rage wa zuciya kaya ya ke yi.

Cikin 1993 aka gwada captopril a kan mutum 409 masu ciwon suga waɗanda ƙodarsu ta fara taɓuwa. Haɗarin mutuwa, ko kai wa ga wankin ƙoda ko dashenta, ya ragu da rabi. Duk wanda ya ga abin da wankin ƙoda ke ci na dukiya da wahala, ya san girman wannan. Cikin 2000 kuma gwajin ramipril a kan mutum fiye da 9,000 ya nuna raguwar bugun zuciya da shanyewar jiki ga waɗanda jijiyoyinsu suka riga suka lalace. Saboda haka Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa enalapril cikin jerin magungunan da bai kamata wata ƙasa ta rasa su ba.

MATAN JEGO NA ZARIYA DA KANO

Yanzu mu komo gida. Akwai wani ciwon zuciya da ke kama mace gab da haihuwa ko cikin watannin jego. Ƙafafunta su kumbura, fuska ta kumbura, ta riƙa tari da haki, ko tsakar gida ba ta iya ƙetarewa. Ƙasar Hausa na cikin wuraren da ya fi yawa a duniya. Likitoci biyu na asibitin Jami'ar Ahmadu Bello, Davidson da Parry, suka bi mata 224 masu ciwon a Zariya, suka buga abin da suka gani cikin 1978. Suka ɗora zargi kan al'adun jego: wankan tafasasshen ruwa safe da yamma har kwana 40 ko fiye, da kwanciya bisa gadon ƙasa da wuta a ƙarƙashi, da shan kunun kanwa. Ita kanwa, mafi yawan abin da ke cikinta ɗan'uwan gishiri ne, tana tara ruwa a jiki. A zamanin nan abin da ke hannun likita shi ne ƙwayar sa fitsari da wani tsohon magani mai ƙara wa zuciya ƙarfin bugu. Captopril bai fito kasuwa ba tukuna.

Bayan shekara 40, Farfesa Kamilu Karaye na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ya shugabanci sabon bincike a asibitoci 22 na Nijeriya, cikin 2017 da 2018, a kan mata 406. Suka tarar ciwon ya fi yawa a Arewa maso Yamma, a Kano har wajen haihuwa 1 cikin 100. Amma ba su sami shaidar da ta ɗaure wankan jego da kunun kanwa da laifin haifar da shi ba. Abin da suka tarar tare da ciwon shi ne rama, da rashin ilmi, da rashin sana'a, da hawan jini lokacin ciki. Haka ilmi ya ke, na baya na gyara na gaba. Duk da haka, macen da zuciyarta ta riga ta raunana, kanwa da gishiri ƙara mata kaya su ke yi.

Ga irin waɗannan mata, bayan sun sauka, magungunan nan na cikin ginshiƙan jiyya. Captopril da enalapril kaɗan ƙwarai ke shiga nono, don haka likitoci na ba masu shayarwa. Amma kafin haihuwa an hana. Suna lalata ƙodar ɗan tayi, su ƙafar da ruwan da ya ke kwance ciki, su hana ƙashin kansa ƙosawa, har su kashe shi. Tun 1992 hukumar Amurka ta tilasta a buga wannan gargaɗi cikin takardar maganin. Saboda haka macen da ke shan ƙwaya mai ƙarewa da p, r, i, l, in ta yi ɓatan wata, ta je asibiti nan da nan a sake mata wani. Akwai magungunan hawan jini da ba su cutar da ciki. Maigida kuma kada ya ga matarsa mai ciki na ciwon kai ya ɓallo mata daga nasa.

HANNU ƊAYA BA YA ƊAUKAR JINKA

Akwai wata magana kuma da ta shafe mu. Yawancin gwaje-gwajen farko a jikin Turawa aka yi su. Da aka yi babban gwaji a Amurka da mutum fiye da 33,000, wajen sulusinsu baƙar fata, sakamakon 2002 ya nuna lisinopril bai saukar da jinin baƙar fata kamar yadda ƙwayar sa fitsari ta yi ba, shanyewar jiki ma ta fi yawa ga waɗanda suka sha shi. Dalili shi ne, da yawa cikin baƙar fata renin ɗinsu kaɗan ne, hawan jininsu ya fi dangantaka da riƙe gishiri. In maƙera ba ta cika aiki ba, riƙe hannun mai wasawa ba zai yi tasiri sosai ba.

Likitocin Afirka suka ce su ma sai sun gwada da mutanensu. Farfesa Dike Ojji na Abuja, tare da abokan aiki har da Farfesa Mahmoud Sani na Kano, suka tara mutum 728 daga ƙasashe 6: Nijeriya, Kamaru, Kenya, Yuganda, Mozambik da Afirka ta Kudu. Suka gwada haɗin magani bibbiyu har wata 6. Cikin 2019 suka bayyana cewa haɗin da ke da amlodipine a ciki, ko da ƙwayar sa fitsari ko da perindopril, ya fi haɗin perindopril da ƙwayar sa fitsari saukar da jini. Saboda haka in likita ya rubuta wa mutum iri biyu, ba ɓarnar kuɗi ba ce, kada ya sayi ɗaya ya bar ɗaya. Mai gajiyar zuciya da mai ciwon suga da ya taɓa ƙoda kuwa, maganin nan na da amfani gare su ko wace irin fata su ke da ita.

SHARUƊƊAN SHANSA

Na fari, tari. Wajen mutum 1 cikin 10 kan sami busasshen tari mai ƙaiƙayin maƙogwaro, domin bradikinin ɗin nan da ACE ke rushewa ya taru. Maganin tari ba ya jinsa. A gaya wa likita, akwai ɗan'uwansa, losartan, wanda ya fito cikin 1995, shi ba ya cika sa tari. Amma shi ma an hana mai ciki.

Na biyu, kumburin leɓe ko harshe ko maƙogwaro. Ba shi da yawa, amma ya fi kama baƙar fata, yana kuma iya toshe numfashi. Wanda ya ga haka ya bar ƙwayar, a kai shi asibiti a lokacin, ko da tsakar dare ne, kada kuma ya sake shan ko wane ɗan gidan nan.

Na uku, jiri, musamman a kwanakin farko. A riƙa tashi daga kwance sannu a hankali.

Na huɗu, ƙoda. Akan auna jini bayan mako ɗaya ko biyu da farawa, a ga yadda ta karɓe shi, a kuma duba wani gishirin jini da a ke kira fotasiyam, domin maganin na sa shi ya taru. Wanda ya kamu da gudawa da amai, ko zafin bazara ya ƙafar da shi, ya nemi shawarar asibiti kafin ya ci gaba, domin a wannan hali ƙoda na bukatar maƙerar nan tata. Ƙwayoyin ciwon jiki da a ke saya a kemis, irin su diclofenac da ibuprofen, in an haɗa su da shi suna raunana ƙoda, su kuma rage masa ƙarfi. Mai niyyar azumi ya tuntuɓi likita tun cikin Sha'aban a shirya masa lokutan sha.

Na biyar, shi ne wanda aka fi karyawa. Maganin nan ba ya warkar da hawan jini, riƙe shi ya ke yi. Da yawa kan sha kwali ɗaya, su ji garau, su bari, sai bayan watanni a kawo su a kwance. Gishiri kuma a rage shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya wuce giram 5 a yini, watau ƙaramin cokalin shayi ɗaya, har da wanda ke cikin dunƙulen miya.

To, jama'a, kun ji tarihin ƙwayar nan. Ta faro daga goɗiyar Ingila da zomon Suwidin, ta bi ta kan karen Amurka da macijin Birazil, sa'an nan likitocin Zariya da Kano da Abuja suka nuna yadda ta dace da jikinmu. Mutanen ƙasashe da yawa suka yi aikin, waɗansu sun rasu ba su ga ƙarshensa ba. Saura namu rabon, shi kuwa mai sauƙi ne. Duk wanda ya girma, a Kazaure ya ke ko Babura, Roni ko Gwiwa, ya je a auna shi ko da ba ya jin kome, a rubuta masa lambobinsa ya adana. Wanda kuma ya iya karatu, ya duba kwalin maganin mahaifinsa da na matarsa da na maƙwabcinsa. In ya ga haruffan nan huɗu a ƙarshen suna, ya tambaya: akwai ciki? akwai tari? an auna ƙoda? ana sha kullum? Tambayoyin nan huɗu na iya tsare rai biyu a gida ɗaya. Allah ya ba mu lafiya mai amfani.